Kalandar Mayawa ba ta yi hasashen tashin duniya ba

Har yau akwai masu cewa Mayawan dā, wata al'umma ta yankin Meziko da Amurka ta Tsakiya, sun yi hasashen tashin duniya ranar 21 ga Disamba, 2012, amma maganar ba ta da tushe. A ranar ne wani dogon zagaye na ƙidayarsu, mai kimanin shekara 5,125, ya cika, sai lissafi ya ci gaba kamar yadda sabuwar shekara ke bin tsohuwa. A Palenque, wani tsohon birninsu a ƙasar Meziko, wani rubutu da suka sassaƙa a jikin dutse ya ambaci ranar tunawa da sarkinsu Pakal a shekarar 4772, abin da ke nuna ba su ɗauki 2012 a matsayin ƙarshen duniya ba. Abin takaici kuma, ana kiransu ɓatacciyar al'umma, alhali miliyoyinsu suna raye a Guatemala da Meziko, suna magana da harsunansu.