Fikafikai masu motsi a ƙananan samfuran kumbo

Ƙananan samfuran kumbo kaya ne na roba da ake sayarwa gutsure-gutsure, mai saye ya harhaɗa da kansa. A wasunsu fikafikan na buɗewa da rufewa. Ana auna ingancin irin waɗannan da abu biyu: kamanninsu da kumbon da aka gani a fim, da kuma tsayuwar fiffiken a inda aka ajiye shi. Sau da yawa ɗayan yakan ci hakkin ɗayan.

Tarihi

Kumbon da ya fi shahara a wannan fanni shi ne X-wing na fim ɗin Star Wars na 1977, mai fikafikai huɗu da ke buɗewa su yi siffar X, wanda kamfanin Industrial Light & Magic ya ƙera samfuransa. Kamfanin MPC na Amurka ya fitar da nasa na roba wajajen 1978. Fine Molds na Japan ya biyo baya a farkon shekarun 2000 da ma'aunin 1/72, wato cikakken kumbon ya ninka samfurin sau 72 a tsawo, sannan Bandai, shi ma na Japan, ya shigo a 2014. Daga baya Bandai ya yi na 1/48 mai ɗan inji da ke buɗe fikafikan da kansa. Akwai kuma kumbon Bird-of-Prey, da ya fara fitowa a fim ɗin Star Trek na 1984, mai ɗaga fikafikai lokacin sauka, ya sauke su lokacin hari.



Yadda yake aiki

A tsarin X-wing da aka fi sani, fiffiken sama na hagu da na ƙasa na dama yanki ɗaya ne, haka ɗaya ɓangaren. Yankunan biyu suna gittawa a kan sanda guda a tsakiya kamar almakashi.

Matsaloli

Babbar matsala ita ce rata. Dole a bar ɗan sarari kafin roba ta motsa, alhali ratar rabin milimita a ma'aunin 1/72 daidai take da santimita 3.6 a cikakken kumbo, kuma ido na kama ta. Ta biyu ita ce lanƙwasa: nauyin bindigogin da ke bakin fikafikan yana janye su ƙasa, mahaɗar ta saki a hankali, fasalin ya karkace. Fenti ma yana ƙara kauri, sai fikafikan su ƙi haɗuwa, ko ya kankare wajen gogayya. Idan gam mai ruwa ya zurara cikin mahaɗar, motsi ya ƙare ke nan. Tina, wato ruwan da ake tsinka fentin enamel da shi, kuwa yakan tsaga robar Bandai, musamman inda aka cusa yanki da ƙarfi.

Gyara

Ana gwada haɗawa ba gam tukuna. A rufe fuskokin da ke gogayya da tef kafin fenti, a shafa ɗan basilin a sandar. Idan ta yi sako-sako, a maye ta da sandar tagulla, ko a binne maganaɗisu na milimita 2 a cikin fikafikan don su manne idan an rufe. Masu neman kamanni zalla sukan zaɓi matsayi ɗaya su liƙe da gam, su cike ratar.