Karawar West Point da Annapolis ba gaba ba ce

Mutane da dama sun ɗauka cewa wasan ƙwallon Amurka tsakanin makarantar sojan ƙasa ta West Point da ta sojan ruwa da ke Annapolis, dukkansu a ƙasar Amurka, gaba ce ta gaske. Ina! Ya fi kama da wasan taubasai. Tun 1890 ake fafatawa, shekarar da 'yan ruwa suka ci 24 da nema. 'Yan wasan ma ɗalibai ne, ba sojojin bakin daga ba.

Kafin a fara, akan yi "musayar fursunoni", wato ɗaliban da ke zangon karatu a makarantar abokan hamayya su koma cikin 'yan'uwansu. Da an tashi kuwa, ɓangarorin biyu su tsaya tare a rera taken makarantar da ta sha kashi tukuna, sannan na wadda ta yi nasara.