Wai jemage ta baki yake kashi?

Tun muna yara ake ce mana jemage bai da dubura, ta baki yake ci ta baki yake kashi. Wallahi ba haka bane, yana da hanji da mafita kamar kowace dabba mai shayarwa, haihuwa ma yake yi ba ƙwai ba.

Ɗauki jemagen kogo da ake kira jemagen Masar, wanda ke kwana dubbai a kogo ɗaya daga Masar har Afirka ta Kudu, faɗin fikafikansa wajen santimita 60. Da dare zai fito ya samu ɓaure ko dabino ko mangwaro nunanne, ya tauna, ya matse da harshe a ganɗarsa ya haɗiye ruwan, sauran tuƙar kuma ya tofar. To wannan tuƙar ce mutane ke gani tana faɗowa daga bakinsa suke cewa kashi ne, ka ɗauka ka duba da kyau zaka ga zare-zaren 'ya'yan itace ne kawai da ƙwaya.

In kashin gaske ya zo kuwa, juyawa yake yi ya rataye da ƙumbar fikafikansa, kai sama, ya gama ya koma yadda yake. Cikinsa ma baya riƙe abinci, cikin kamar rabin awa ya wuce.

Abin na damuna ne saboda wannan zance yasa ake ƙyamarsa ana jifansa, alhali irin bishiyoyi yake watsa mana a daji. Amma dai kar a shiga kogonsa da wasa, jemagen Masar na ɗauke da ƙwayar cutar Marburg, wani mugun zazzaɓi mai sa zubar jini.