Ƙofar da aka buɗe a 2006

A Nima da Mamobi, unguwannin Accra babban birnin Ghana, har yau ba a gama gardamar abin da ya kayar da sidi, kuɗin ƙasar, a shekarar 2022 ba. Wani ya ce yaƙin Yukren ne, wani ya ce korona, wani ya ɗora wa 'yan canji. Kowa dai ya tuna dala ta shiga shekarar tana sidi 6 da 'yan kai, kafin Nuwamba ta haura 13, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54.1 cikin 100 a Disamba. Sai ake magana kamar abin daga sama ya faɗo.

Sanannen tarihin gajere ne. An yafe wa Ghana bashi mai yawa a 2004, an cire sifili huɗu daga sidi a 2007, a shekarar kuma ƙasar ta sayar da takardun bashi na dala miliyan 750 a kasuwannin duniya karo na farko.

Abin da ba a cika ambata ba ya faru ne a 2006, lokacin da sabuwar dokar musayar kuɗin waje ta zo, aka ba baƙi damar sayen takardun bashin cikin gida masu wa'adin shekara uku ko fiye. A ido, bashin sidi ne, ba na dala ba, don haka aka ɗauke shi mara haɗari. Kuma ya yi amfani: dala ta shigo, aka samu rance mai dogon wa'adi. Amma mai kuɗin da ke zaune a Landan ko New York da dala yake lissafin ribarsa. Ranar shigowa yakan sayar da dala ya karɓi sidi, sai sidi ya yi ƙarfi. Ranar fita kuwa dole ya sayar da takarda, ya kwashi sidin ya nemi dala, a kasuwar da mai shigo da shinkafa da mai kayan gyaran mota na kasuwar Abossey Okai a Accra suke nema. Idan suka tashi fita tare, kamar jama'a ce ta taso daga Idi ta ƙofa ɗaya. Haka aka yi da kuɗin ruwa ya fara hawa a Amurka daga Maris 2022, a daidai lokacin da rancen waje ya rufe wa Ghana.

Kasuwar hannun jari tana da birki. Bayan faɗuwar 19 ga Oktoba 1987, New York ta kafa ƙa'idar tsayar da ciniki; yanzu idan kasuwa ta faɗi kashi 7, ana hutawa minti 15, kuma an yi hakan sau huɗu a Maris 2020. Kasuwar canji ba ta da wannan. Ba wanda zai tsayar da neman dala a Tudu, unguwar 'yan canji a Accra, na minti 15, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, domin a nan talaka yake haɗuwa da rikicin.

Waɗanda ba su da hanyar fita su ne na gida: bankuna, kamfanonin inshora, da tsofaffin da suka zuba kuɗin sallamarsu. Su shirin gwamnati na musayar bashin cikin gida na Disamba 2022 ya tarar, aka miƙa musu sababbin takardu masu ƙarancin riba da wa'adi mai nisa.