Inda za a ajiye na'urar CPAP a ɗakin kwana: amsoshin tambayoyin da ba sa ƙarewa

Mutum zai sha zirga-zirga har likita ya gano numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, ya zuba kuɗi ya sayi na'ura, wato CPAP mai tura masa iska ta tiyo zuwa takunkumin da ke fuskarsa yana barci, sannan ya kai ta gida ya dangwarar da ita duk inda hannunsa ya kai. Daga Fagge har Hotoro tambayoyin iri ɗaya ne. Ga su nan, don Allah a karanta kafin a sake kirana.

A ina zan ɗora ta?

Gefen gado, kan abin da ba ya rawa, ƙasa kaɗan da inda kanka yake. Durowar gefen gado ta wadatar, muddin ba ta fi katifa tsayi ba.

Me ya sa sai ƙasa da kai?

Ruwa gangare yake bi. Tururin tankinta, inda take ɗumama ruwa don iskar ta yi laima, kan zama raɓa a cikin tiyo. In na'urar tana ƙasa, ya koma tanki. In tana sama, ya zubo maka a hanci tsakar dare. Kuma ranar da ka juya ka fizgi tiyon, kanka za ta faɗo.

Mai ɗakina tana sa turaren wuta kullum. Akwai matsala?

Akwai. Hajiya, ba wanda ya ce ki daina turara ɗakinki, amma iskar da ke kusa da na'urar ita take zuƙa ta tura wa Alhaji cikin huhu har asuba. Matatarta ƙura take tarewa, ba ta tare hayaƙi. A yi turare tun da yamma, a fita da kasko, ɗaki ya sha iska. Maganin sauro na kunnawa ya fi muni, tunda kwana yake yana hayaƙi. Na fesawa kuma, a rufe na'urar kafin a fesa. Na ga tiyon da ko an wanke shi ƙamshin turare bai fita ba.

To in ajiye ta kan kafet kawai?

A'a. Ka shafa hannu ƙarƙashin gadonka a watan Janairu ka ga abin da hunturu ya tara.

Ni katifata a ƙasa take, kuma cikin gidan sauro nake kwana. Yaya zan yi?

Wannan ce tambayar da ba ta da amsa guda, domin ƙa'idoji biyu sun yi karo: kada ta fi kanka tsayi, kada kuma ta zauna a ƙasa. Ya danganta da kaurin katifar. In babba ce, samo faffaɗan katako ko tire mai ƙarfi da zai ɗaga ta kamar taƙi ɗaya, ka goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma kafin ka kwanta. In 'yar siririya ce, komai ka yi na'urar za ta ɗan fi ka tsayi. A nan sai ka zaɓi ƙaramar matsala, kuma a ganina ƙurar Kano ta fi raɓar tiyo illa. Ɗora ta kan kujerar tsuguno, ka jingina kujerar inda ba za a yi tuntuɓe da ita ba, ka rage zafin tankin. Da damina wasu kan kashe tankin gaba ɗaya ba su ji komai ba, wasu kuwa maƙogwaro ke bushe musu, musamman da hunturu. Sai ka gwada jikinka, in ya gagara ka koma wa likitanka. Matsin iskar dai da ya saita maka kada ka taɓa.

Gidan sauro kuma: na'ura a waje, tiyo ya shigo ta ƙarƙashin raga, ka cusa ragar gefe da gefe. Tiyon da aka saba bayarwa kusan mita 1.8 ne, ya isa. In ka shigar da ita ciki, raga ko zanin rufa zai toshe ƙofar da take shan iska. Wata dabara, ka rataye tsakiyar tiyon sama da kai, ta yadda raɓa za ta gangara baya. Tana yi wa wasu, amma in kana yawan birgima za ka iya tsinka igiyar.

Bakin taga fa, don iska mai kyau?

Iskar janaretan maƙwabci? Hayaƙinsa kisa yake, kuma gubar da ke ciki ba ta da wari. Nesa da taga, nesa da labule. Ga rana: yawancinsu an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa Afirilu kan haura 40. Kada kuma iskar esi ta riƙa dukan tiyo kai-tsaye, raɓa take ƙarawa.

In aka ɗauke wuta ina barci, zan shaƙe?

Kwantar da hankalinka. Takunkumin yana da ƙananan ramuka, mai rufe baki da hanci kuma yana da wata 'yar ƙofa da ke buɗewa in iska ta tsaya. Za ka farka, sai ka cire. Kada dai ka liƙe ramukan don suna huci. In kana da inbata ko sola, sa gadon kusa da soket ɗin da ke kansu. Kashe ɗumama ruwa, shi ne ke cinye batir.

Ƙararta na hana iyali barci. In sa ta cikin durowa in rufe?

Kada ka soma. Lafiyayyarta raɗa kawai take. In ta yi ƙara, ko takunkumi ne ke yoyon iska ko matata ta toshe. Farar matata ta koma ruwan ƙasa, canja ta, ba sai wata ya cika ba.

Zan iya matsar da ita da safe?

Zubar da ruwan tanki tukuna. Ka ɗaga ta inda yara ba sa kaiwa.

Ta hannu na saya, shin...

Duba sunanta. A 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa saboda soson rage ƙara da ke ciki yana marmashewa, kuma zafi da laima na ƙara saurin lalacewarsa. In ka ga baƙin gari cikin tiyo, ba maganar wurin ajiya ba ce. Kai wa likita ya duba, yau.