Waiwaye: Yadda guntun titin 710 ya gagari jihar Kalifoniya

Direban tirelar da ya ɗauko kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Long Beach ya yi arewa a kan babbar hanya mai lamba 710, ba zai ga danja ko mararraba ba har sai ya isa titin Valley Boulevard a bakin garin Alhambra. A nan hanyar take yankewa, ta zubar da motoci cikin titunan unguwa. Can gaba a Pasadena akwai ɗaya guntun nata. Tsakanin su kimanin kilomita 7 ne, kuma wannan tazara ce ta gagari jihar da ta fi kowace tunƙaho da tituna a Amurka fiye da shekara 50.

A 1910 masu zaɓe a Kalifoniya suka amince jiha ta ciwo bashin dala miliyan 18 don shimfiɗa hanyoyin da za su haɗa garuruwanta. A 1940 aka buɗe Arroyo Seco Parkway tsakanin Los Angeles da Pasadena, mutane suka ɗanɗana tafiyar da babu tsayawa. Kuɗin gaske kuwa sai a 1947 suka zo, da dokar Collier-Burns ta ƙara harajin man fetur aka ware shi don tituna. Kowace mota da ta sha mai tana biyan kuɗin sabuwar hanya, sabuwar hanya kuma tana jawo ƙarin motoci. A 1956 gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 90 cikin ɗari na kuɗin manyan hanyoyin da ke ratsa jihohi. Injiniyoyi suka samu wuri, a 1959 majalisar jiha ta amince da taswirar manyan hanyoyi mai tsawon sama da mil 12,000.

Ba duka aka gina ba, kuma wuraren da aka tsallake sun fi waɗanda aka shimfiɗa faɗin gaskiya. A shekarar 1959 ɗin nan majalisar birnin San Francisco ta soke hanyoyi bakwai cikin goma da aka tsara mata. Hanyar da aka zana ta ratsa Beverly Hills, unguwar masu hannu da shuni, a takarda ta ƙare. Amma Boyle Heights da gabashin Los Angeles, inda talakawa 'yan asalin Meziko suka fi yawa, an yanka su gunduwa-gunduwa, aka rushe gidaje babu wanda ya saurari kukan kowa. A Pasadena ma, aikin manyan hanyoyi ya tashi dubban mutane, da yawansu baƙar fata ne masu ƙaramin ƙarfi.

South Pasadena ƙaramin gari ne mai tsofaffin gidajen katako da itatuwa a bakin titi. A 1964 hukumar hanyoyin jiha ta zaɓi layin da 710 zai bi, kuma ta tsakiyar garin ya bi. Tun kafin a kawo katafila, hukumar da yanzu ake kira Caltrans ta shiga sayen gidajen da ke kan layin a unguwar El Sereno ta birnin Los Angeles da South Pasadena da Pasadena. Mutanen garin suka ce ba za ta saɓu ba. Sa'arsu ita ce a 1970 an kafa dokoki, na tarayya da na jiha, da suka wajabta a binciki illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Da wannan suka je kotu, a 1973 alƙali ya dakatar da aikin.

Daga nan sai rahoto bayan rahoto, a ɗan karkata layin, a sake zama. Mutanen Alhambra su ma suna da gaskiyarsu, domin su ne ke shaƙar hayaƙi da fama da cunkoson motocin da hanyar ke zubarwa a ƙofar gidajensu, shi ya sa suka fi kowa matsa lamba a kammala. A 1998 gwamnatin tarayya ta ba da izini, a 1999 alƙali Dean Pregerson ya sake taka wa aikin birki. Da aka ga saman ƙasa ya ƙi, sai aka ce a bi ta ƙarƙashi. An ware dala miliyan 780 daga harajin sayayya da masu zaɓe suka amince da shi a 2008, amma ƙiyasin haƙa ramin ya haura dala biliyan 3, wani tsarin ma ya wuce biliyan 5. A watan Mayun 2017 Metro, hukumar sufurin gundumar Los Angeles, ta janye hannunta, aka karkatar da kuɗin zuwa gyaran titunan cikin gari. A 2019 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokokin da suka binne maganar.

Ana yawan ba da wannan labari a matsayin nasarar ƙaramin gari a kan gwamnati. Nasara ce, amma ta masu kuɗin ɗaukar lauya shekara da shekaru. Kuma hanyar da ba a gina ba ta yi nata ɓarnar. Gidaje kusan 460 suka rage a hannun hukumar da aikinta kwalta ne, ba kula da 'yan haya ba. Tun 1979 akwai dokar Roberti da ta ce idan an fasa aiki a fara tayin gidajen ga masu ƙaramin ƙarfi da ke zaune a ciki, a farashi mai sauƙi. To amma muddin layin na nan a taswira, ba a fasa ba ke nan. Wasu suka tsufa suna biyan haya, wasu gidajen aka toshe tagoginsu da katako, rufi na yoyo, a yankin Los Angeles da dubban mutane ke kwana a titi.

A watan Maris na 2020, ana farkon annobar korona, wasu iyalai marasa matsuguni suka buɗe wasu daga cikin gidajen El Sereno suka shiga. An yi sulhu da rukunin farko, aka ba su izinin zama na wucin gadi. Waɗanda suka biyo bayansu a watan Nuwamba kuwa, 'yan sandan kan hanya na jihar ne suka fitar da su da ƙarfi cikin dare.