Rashin rubutacciyar yarjejeniya ba ya soke haƙƙin ma'aikaci a Saudiyya

An daɗe ana faɗa a tsakanin Hausawan Makka da Jidda cewa wanda ya yi aiki ba rubutacciyar yarjejeniya, in maigida ya hana shi albashi, sai dai haƙuri. Ba abin mamaki ba ne a yarda da haka, don takarda ce shaida mafi ƙarfi.

Amma sashe na 51 na dokar ƙwadago ta ƙasar ya ce yarjejeniyar aiki tana nan daram ko ba a rubuta ta ba, kuma ma'aikaci na iya tabbatar da ita da kowace irin shaida. Saƙon banki na shigar albashi, hirar WhatsApp inda aka ce "zo shago ƙarfe bakwai", abokin aikin da kuka yi ta sauke kaya tare, duk abin riƙewa ne. Abin da ya fi damuna shi ne jinkiri: a ƙa'ida, ba a sauraron ƙara bayan wata 12 da barin aiki.

Masu aikin gida kuwa tsarinsu daban ne. Dokar ƙwadagon tana intanet da Larabci. Ku buɗe sashen da kanku, ko a karanta muku.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.